Zagayen Zanen Bango a Montmartre: Yadda Ake Zaɓar Ɗan Jagora da Bin Lungunan Tudun da Ƙafa

Duk wanda ya hau tudun Montmartre, a arewacin birnin Paris, da tsammanin zai tarar da manyan zane-zanen nan masu cinye bangon bene tun daga ƙasa har sama, zai sauko yana ƙorafi. Irin waɗannan suna can gunduma ta 13, a kudancin birnin, musamman gefen babban titin Vincent-Auriol. Na Montmartre ƙanana ne: fuskar filasta da aka manna a saman wata ƙofa, ɗan dodo na tayil a kusurwar gini, takardar da aka liƙa cikin dare har ruwan sama ya fara ɗaye ta, layi biyu na rubutu da aka fesa a gefen matakala. Mutum sai ya wuce ashirin bai ga ko ɗaya ba, don hankalinsa na kan farar majami'ar Sacré-Cœur da ke ƙololuwar tudun. Shi ya sa ɗan jagora yake da amfani a nan ƙwarai. Da ɗan gari akan ci gari, sai dai ba duk mai ɗaga lema yana jan ayari ba ne ya san bangon unguwar.

Ka fara tantance irin zagayen da kake nema

Har zuwa shekarar 1860 Montmartre ƙauye ne a bayan gari, kafin a haɗe shi da Paris. Tudu ne mai tsayin kusan mita 130, da injinan niƙa masu aiki da iska, da gonakin inabi, da ramukan haƙar dutsen da ake yin filasta da shi. Haya ba tsada, shi ya jawo masu zanen da aljihunsu ba nauyi. Renoir ya yi aiki a nan. Van Gogh ya zauna da ƙaninsa Theo a gida mai lamba 54 a titin Lepic daga 1886 zuwa 1888. Toulouse-Lautrec da Suzanne Valadon duk 'yan unguwar ne, Picasso kuma ya tare a 1904.

Wannan tarihin shi ne jarin yawancin masu zagaya da baƙi, kuma nan ake yin kitso da ƙwarƙwata. Za ka ga talla an rubuta zanen titi a samanta, ka biya, a ƙarshe a kwashe awa biyu ana ba ka labarin inda wane ya ci bashi da inda wance ta yi rawa shekara ɗari da suka wuce, sai dab da tashi a nuna maka tayil biyu a bango a ce ga shi nan. Labarin tsofaffin masu zane ba laifi ba ne, yana da daɗin ji, kuma zagaye mai kyau ba ya rasa shi. Amma idan aikin da ake yi yau a jikin bango ka zo gani, karanta bayanin tallar har ƙasa. In sunayen da aka jero duk na waɗanda suka rasu kafin a haifi kakanka ne, ba shi ba ne.

Zaɓen ɗan jagora

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci, don sauran duk a kansa suka rataya.

A Faransa akwai katin sana'a da hukuma ke bai wa ƙwararrun masu jagorar baƙi, amma dokar ta wajabta shi ne ga mai yi wa mutane bayani a cikin gidajen tarihi da gine-ginen da aka keɓe a matsayin kayan tarihi. A kan titi kowa na iya jan ayari. Saboda haka katin shaida ne cewa mutum ya yi karatun tarihi da fasaha, ba shaida ba ne cewa ya san wanda ya liƙa takarda a lungu daren jiya. Wasu daga cikin waɗanda suka fi iya wannan zagaye su kansu masu zane ne, ko masu ɗaukar hoto da suka daɗe suna bin bangon unguwar.

Kafin ka biya ko kwabo, aika saƙo ka yi tambaya. Ta farko, kuma wadda ta fi kowace muhimmanci: yaushe rabonka da bin wannan hanyar? Zanen titi ba ya zama. Ma'aikatan tsaftar birnin Paris suna goge rubutu da fenti daga bangon da ke kallon titi kyauta, har tsayin mita 4, kuma akwai manhajar DansMaRue da mazauna ke kai ƙara ta cikinta. Abin da aka gani ranar Litinin yana iya zama shafaffen fenti ranar Juma'a. Jagoran da ya ce maka watan jiya ya bi hanyar, zai tsaya da kai gaban bango wayam yana nuna maka hoto a wayarsa.

Ta biyu, ka ce ya ambato maka masu zane uku ko huɗu da ake ganin aikinsu a unguwar yanzu. Wanda ya sani ba zai yi inda-inda ba, har ma zai ƙara da cewa ba ya alƙawarin za a tarar da na wane, don ba a hannunsa yake ba. Wannan amsar ita ce ta mai gaskiya. Wanda ya yi maka alƙawarin komai da komai, ka yi hattara da shi.

Sai yawan mutane. Lungunan Montmartre matsattsu ne, gefen titin da aka ware wa masu tafiya a ƙasa wani wurin da ƙyar mutum biyu ke jerawa. In ayari ya haura mutum goma sha biyu, na baya ba ya jin magana, kuma kafin ya matso ya ga abin da ake nunawa na gaba sun yi nisa. Ka tambayi harshen da za a yi bayani da shi, Faransanci ko Turanci, kuma kada a ce maka duka biyun, don hakan na nufin rabin lokacin kana tsaye kana jira a gama da wasu. Wannan ya fi damuwa a nan saboda yawancin rubutun bangon wasa ne da kalmomin Faransanci, in ba a warware maka ba sai ka ga hoto kawai. Ka tambayi yawan matakalar da za a hau, da abin da ake yi in an wayi gari da ruwa, da inda za a ƙare.

Biya iri uku ne. Akwai wanda ake yanke kuɗi tun farko a biya ta intanet. Akwai wanda ake kira kyauta, wanda a gaskiya tukwici ake bayarwa a ƙarshe. Akwai kuma na kai kaɗai ko kai da iyalinka, wanda ya fi tsada amma kai ke da iko da saurin tafiya. Game da na kyautan nan, ka sani cewa sau da yawa ɗan jagorar yana biyan kamfanin da ya turo masa mutane wani abu a kan kowane kai, ko an ba shi ko ba a ba shi ba. Wanda ya bi shi awa biyu ya sulale ba sallama ya bar shi da asara. Ka riƙe 'yan takardun Yuro a aljihu na daban. Ni dai a ganina ƙaramin ayari mai yankakken kuɗi ya fi, don jagoran da ba ya fargabar tukwici ba ya jin dole sai ya cika tafiyar da barkwanci.

Rana da lokaci

Da safe, kafin ƙarfe goma. Dalili biyu ne. Na farko cunkoso: daga hantsi zuwa yamma saman tudun maƙil yake da baƙi. Na biyu kuwa, wani kaso na zanen yana jikin ƙofofin ƙarfe na shaguna, irin masu naɗewa sama. Da mai shago ya buɗe, zanen ya shige ciki ke nan sai dare.

Ka lura da tsawon yini. A watan Disamba rana na faɗuwa a Paris wajen ƙarfe biyar, a Yuni kuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Zagayen ƙarfe huɗu a lokacin sanyi rabinsa a duhu za a yi. A watan Oktoba kuma ana bikin girbin inabi na unguwar, kwanakin nan ba masaka tsinke, ka kauce musu in kallon bango ya kawo ka.

Abin ɗauka ba shi da yawa. Takalmi mai kama ƙasa, don titunan daɓen dutse ne kuma in an yi ruwa santsi gare su. Gorar ruwa. Waya mai cikakken caji. Jaka mai zif da za ka rataya ta gaba. Mai ciwon gwiwa ko mai tura keken jariri ya faɗa tun wuri, akwai hanyoyin da ke zagaye matakala amma sai an tsara.

Hanyar da aka fi bi

Yawancin zagaye daga dandalin Abbesses yake tashi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 12 ne ke kaiwa can. Tashar na da zurfin mita 36 a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ka shiga lif, kada ka ƙarar da ƙarfinka a matakala tun kafin a fara, sai fa in kana son ganin zanen da aka yi a bangon matakalar mai murɗawa. Rumfar ƙarfe da gilashi da ke bakin tashar aikin mai zanen gine-gine Hector Guimard ce, daga wata tasha aka ciro ta aka dasa a nan a 1974. Ka iso minti goma kafin lokaci, don masu ayari da yawa nan suke haɗuwa, sai ka nemi naka.

Taku kaɗan daga nan, cikin ɗan lambun Jehan-Rictus, akwai bangon da aka rubuta "ina son ki" da "ina son ka" sau 311 cikin harsuna 250. Frédéric Baron ne ya tattara rubuce-rubucen, Claire Kito ta tsara su, aka kafa a shekarar 2000 a kan tayil shuɗi guda 612, faɗin murabba'in mita 40. Jajayen gutsattsarin da ke warwatse a jiki an ce ɓaraguzan zuciya ce da ta fashe. Da izinin hukuma aka yi wannan, kuma ana rufe lambun da dare. Kowane ayari na tsayawa a nan. Minti biyar ya isa. In jagora ya kai minti ashirin, lokaci yake ci.

Ainihin aikin yana farawa ne in an gangara ta bayan jar majami'ar bulo da ke dandalin, a bi matakalar titin André-Antoine, a shiga titin Véron da Germain-Pilon. Baƙi ba su cika bi ta nan ba, bangon kuma ba ya rabo da sabon abu. Ka dai sani cewa in aka ci gaba da gangarawa za a faɗa yankin Pigalle, inda shagunan batsa suke jere a babban titi. Mai tafe da yara ya gaya wa jagora a juyo tun kafin nan.

Daga nan a hauro ta titin Ravignan zuwa dandalin Émile-Goudeau, mai inuwar bishiyoyi da benci da koren famfon shan ruwa, wanda ake rufewa lokacin sanyi. A nan gidan Bateau-Lavoir yake, tsohon ginin katako da Picasso ya yi aiki a ciki, inda a 1907 ya yi zanen da ya juya akalar zanen Turai. Gobara ta cinye shi a 1970, aka sake ginawa a 1978, har yanzu kuma ɗakunan aikin masu zane ne, ba a shiga. Dandalin dai wuri ne mai kyau na hutawa.

Sai a kurɗa ta siririn titin Orchampt a ɓulla titin Lepic daidai ɗaya daga cikin injinan iska biyu da suka rage. A miƙe titin Girardon zuwa dandalin Marcel-Aymé, inda wani mutum na tagulla ya maƙale a bango: kai da ƙirji da ƙafa ɗaya da hannuwa sun fito, sauran jikin na cikin dutse. Jean Marais ne ya ƙera shi a 1989, daga wani gajeren labari na marubucin da dandalin ke ɗauke da sunansa. Dubi hannun da ke ƙasa, yatsun sun yi ƙyalli kamar zinariya saboda masu kamawa suna ja wai za su fito da shi, sauran jikin kuwa ya yi duhu. Daga nan dandalin Dalida, titin Abreuvoir, gonar inabin da aka dasa a 1933, titin Cortot inda gidan tarihin unguwar yake, har a fito dandalin Tertre.

Tertre kasuwar masu zana fuskar baƙi ce. Kowannensu da lasisin hukumar birni yake zaune, a fili murabba'in mita ɗaya. Masu yawo da allo a hannu suna tare mutane a bakin dandalin ba sa cikinsu, kuma in ka tsaya sun fara zana ka to ciniki ya faɗa. Jagora nagari ratsawa kawai yake yi, ya gangara da ku matakalar Calvaire zuwa titin Gabrielle da Drevet, inda bango ke sake yin magana.

Abin da ido zai nema

Tun da masu gogewa ba su cika wuce mita 4 ba, masu zane sun koyi hawa sama. To ka ɗaga kai. Kusurwar gini, sama da allon sunan titi, nan ne mazaunin aikin mai zanen da ake kira Invader, wanda tun 1998 yake manna 'yan dodanni na ƙananan tayil masu kama da na wasan kwamfuta na 1978. Ya yi fiye da dubu a Paris kaɗai, kowanne da lambarsa. A 2014 ya fitar da manhajar FlashInvaders: ka ɗauki hoton tayil ɗin, ta gaya maka ko nasa ne, ta ba ka maki. Tana da amfani, don masu kwaikwayonsa sun yi yawa. Wani lokaci abin da za ka tarar shi ne tabon gam mai kusurwa huɗu da ɗan gutsuren tayil a gefe, alamar ɓarayi sun ɓamɓare. A 2017 har wasu mutum biyu suka sa rigar ma'aikatan birni suka riƙa cirewa da rana tsaka. Cirewar ma ba riba, tayil ɗin farfashewa yake yi, kuma akwai masoyansa da ke bi suna mayar da waɗanda aka lalata.

Fuskokin filasta masu fenti, wata ta zaro harshe, wata tana murmushi, wata ta kumbura kumatu, na Gregos ne. Siffar fuskarsa ce ya kwafa ya zuba da filasta, kuma a wannan unguwa ya fara. Lu'ulu'u da aka yanka daga fasasshen madubi na Le Diamantaire ne. Dabbobin da aka haɗa jikin wannan da kan waccan, aka zana da alƙalamin maka aka rubuta musu suna da Latin a gefe, na Codex Urbanus ne, shi ma Montmartre ce fagensa. Alamar hanya da aka yi wa wasa, misali farin layin "ba shiga" ya koma katakon da wani ɗan mutum ke ɗauke da shi, salon Clet Abraham ne, da sitika yake yi.

Sai zanen feshi ta hudajjen kwali, wanda Paris ta yi suna a kansa tun 1981 da Blek le Rat ya fara fesa ɓeraye a bango. Mai zane yana yanka siffar a kwali ko roba a gida, ya zo ya dafa a bango, ya fesa, ya ɗauke, cikin ƙasa da minti ɗaya ya bar wurin. Matsa kusa ka duba. Za ka ga 'yan siraran layuka da fenti bai taɓa ba sun ratsa cikin haruffa masu rami, su ne gadojin da suka riƙe tsakiyar harafin kada ya faɗo daga kwalin. Za ka ga hazon fenti a gefe inda kwalin bai kwanta sosai ba, wani lokaci har da layin kusurwa inda feshin ya tsallake bakin kwalin. In launi uku ne, kwali uku aka yanka, aka fesa bi da bi, mai haske a fara mai duhu a ƙarshe. Ɗigon da ya zubo ƙasa kuwa alamar an matso da gwangwanin kusa da yawa, ko an yi sauri.

Wadda ta fi kowa alaƙa da unguwar a wannan salo ita ce Miss.Tic. A Montmartre aka haife ta a 1956, ta fara fesa bango a 1985, ta rasu a watan Mayun 2022. Mace mai baƙin gashi take zanawa, da gajeren zance mai harshen damo a gefe. An kama ta a ƙarshen shekarun 1990, kotu ta ci ta tara, daga nan ta koma neman izinin masu gida da masu shago kafin ta fesa. Wannan ne ya sa wasu ayyukanta suka daɗe, don masu bangon ne da kansu ke kare su. Tun da ba sabo da zai ƙaru, in jagora ya nuna maka nata, ka tsaya ka sa ya fassara maka zancen da ma'anarsa biyu.

Liƙaƙƙiyar takarda ita ce mafi gajeren kwana. A gida ake zanawa ko a buga, a shafa gam a bango da buroshi, a manna, a sake shafawa a kai. Gefenta ke fara naɗewa, sai launi ya koɗe, sai wani ya liƙa tasa a kai. Inda ta yage kana iya ƙirga hawa uku ko huɗu na waɗanda suka riga ta. Kada ka ja, ko da ta kusa faɗuwa.

Ka kuma sunkuya. Gindin bututun ruwa, akwatin mitar lantarki, ƙasan taga, gefen matakala daidai idon sawu, duk ana ajiye abu a nan. Kuma duk matakalar da ka hau, in ka kai sama ka waiwaya, don wani zanen mai saukowa kaɗai aka yi wa.

Tambayoyin da ke fito da ilimin jagora su ne irin waɗannan: da izini aka yi wannan ko da dare? Me ke wurin kafin shi? Me ya sa aka zaɓi wannan bangon? Ta ukun ta fi daɗi, don sau da yawa zanen amsa ce ga wani abu da ke wurin, tsagewar bango, ko sunan titi, ko zanen da ke gefensa. In ka tambayi sunan gaskiya na mai zanen da ke ɓoye kansa jagora ya ƙi faɗa, ba rowa ba ce. Mutumin na iya shiga hannun hukuma.

Ladabin tafiya, da doka

Unguwa ce da mutane ke kwana a cikinta, kuma sun gaji da baƙi. Kada a tare ƙofar gida, kada a leƙa taga, kada a bi wani cikin farfajiya don ƙofa ta buɗe. In za ka shiga shago ko ka tambayi wani hanya, ka fara da gaisuwa, "bonjour madame" ko "bonjour monsieur". A Faransa wanda ya tsallake wannan ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle. In kuka ci karo da mai zane yana aiki, kada ka ɗauki fuskarsa sai ya yarda.

Hoton zanen kansa don ajiyewa ko nuna wa 'yan'uwa ba matsala. In za ka sa a shafinka, ka ambaci mai zanen, yawancinsu suna sa hannu kuma suna Instagram. Bugawa a riga ko kati don sayarwa kuwa sai da izininsa, don kasancewar aiki a titi bai cire masa haƙƙin mallaka ba.

Kada sha'awa ta ɗebe ka ka ciro alƙalamin maka ka ƙara naka. Sashe na 322-1 na dokar laifuka ta Faransa ya tanadi tarar Yuro 3,750 da aikin yi wa al'umma hidima ga wanda ya yi rubutu ko zane a bango ba izini, in ɓarnar kaɗan ce. In ta yi yawa ana iya kaiwa ɗaurin shekara 2 da tarar Yuro 30,000. Wasu masu zagaye suna haɗawa da koyar da feshi a ƙarshe. Wannan a kan kwali ko ƙyalle ake yi, ko a bangon da aka ba da izini. In aka ce ku fesa a lungu kawai, ka ce a kai kasuwa.

'Yan sane sun san mai kallon bango kansa a sama yake, hannunsa kuma na kan waya. Sun fi yawa a cikin jirgi, da Tertre, da matakalar gaban majami'ar Sacré-Cœur. A gindin wannan matakalar akwai masu tare mutum su ɗaura masa zare a wuyan hannu sannan su nemi kuɗi, akwai kuma masu miƙo takarda wai a sa hannu don taimako. Hannu a aljihu, ka ce "non merci", wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta gaggawa ta Turai baki ɗaya 112.

Bayan an sallame ku

Yawanci ana ƙarewa ne kusa da Sacré-Cœur, wadda aka fara ginawa a 1875, aka gama a 1914, ko kuma a koma Abbesses. Kafin jagora ya tafi ka roƙe shi abu biyu: ya rubuta maka sunayen masu zanen da kuka gani, don da yamma sun cakuɗe maka, ya kuma gaya maka titin da ya ga sabon aiki a makon nan wanda hanyarku ba ta bi ta kai ba. In kana da sauran kwana a birnin, ka sake bin hanyar kai kaɗai da sassafe, amma ta baya, daga ƙarshe zuwa farko. Bangon da ka bai wa baya jiya yau shi ne a gabanka. Mai son manyan zane kuma ya nufi gunduma ta 13, ko titin Dénoyez a Belleville inda ake fesa fenti kan fenti.

Saukowa ta fi wahalar da gwiwa fiye da hawa. Matakalar titin Foyatier taki 222 ce. A gefenta akwai ɗan jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe, yana aiki tun 1900, da tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa ake shigarsa, cikin minti ɗaya da rabi ya sauke ka. Daga nan tashar Anvers ta layi na 2 tana ƙasa kaɗan. In kuma kana gefen arewa na tudun, tashar Lamarck-Caulaincourt ta layi na 12 ta fi kusa, kuma bas mai lamba 40 yana ratsa tudun daga wannan gefe zuwa wancan.